Leda Takwas da Ruwan Shuka

Bawa Maigayya ɗan gwaggona ne, wato taubashina, saboda haka tun ina ƙarami aka halatta mini in zage shi, shi ma ya rama. Ya girme ni da shekara goma sha biyu, amma hakan bai taɓa hana ni kiran sa mai wuyan zalɓe ba. Ni malamin firamare ne a Gwandu, shi kuwa manomi ne a Kambaza. Yana ce mini ɗan kawu, ina ce masa ɗan gwaggo. Abin da zan ba ku a nan ba wasan taubasai ba ne, ko da yake bakina ba ya iya doguwar tafiya bai yi tuntuɓe ba.

Dogo ne siriri, kullum da karan sigari maƙale a bayan kunne, ga murya kamar ya haɗiye lasifikar masallaci. Allah bai ba shi ɗa namiji ba. 'Ya'yansa biyu ne, Zahra'u da Binta, matarsa kuma ɗaya, Delu. In aka yi masa jaje kan rashin mai taya shi noma, sai ya nuna gari da haɓa ya ce, "Ga su nan, har sun yi mini yawa."

Ba ƙarya yake ba. Shekara talatin shi ke kiran gayya a Kambaza. Shi ya san gonar da ciyawa ta ci ƙarfin mai ita, shi ya san wanda kunya ta hana shi roƙo. Ran Jumma'a in an sauko masallaci zai tsaya da ƙwaryar goro, ya faɗi gona, ya faɗi rana. Wanda ya sa hannu ya ɗauki goro ya ɗauki alkawari ke nan, ba a sake tuna masa. Ran aiki kuwa Bawa ne gaba, mai ganga na bayansa, sai Arzika, amininsa kuma mataimakinsa, wanda tare aka yi musu kaciya, tare suka fara riƙe kalme, wato fartanya.

Yana da doka guda da ya kafa da kansa, kowa a garin ya haddace ta. Ran da ruwan shuka ya sauka, ba mai taɓa gonarsa sai an fara shuke gonar wanda ke kwance ba lafiya. Kuma ba ya wasa da ita. Ran sunan Binta an wayi gari da danshi, liman na shafa fatiha Bawa ya miƙe, ya bar rago rataye rabi a feɗe, ya kwashe 'yan suna kaf ya kai su gonar wani da ya karye a ƙafa. Ni da na zo cin nama da sabuwar shadda, da irin gero a ƙwarya na ƙare. Har yau Binta in ta so tsokanarsa takan ce ita ce yarinyar da aka raɗa wa suna a guje.

Ciwonsa kuwa rediyo ne ya tona shi. Bawa kan kishingiɗa a zaure bayan azahar, ya ɗora ɗan rediyonsa a kan ciki yana jin labaran duniya. Delu ce ta fara lura rediyon na tsalle, yana ɗagawa yana sauka shi kaɗai. Da na je gaishe su ta nuna mini. Na tsuguna na duba, ga wani abu sama da cibiya yana harbawa kamar kwaɗo a cikin buhu.

Na ce, "Ɗan gwaggo, wata nawa ne? A gaya muna da wuri mu fara tara itacen wanka."

Ya ce, "Allah shi shirye ka. Iska ce. Wanzami zai sa mini ƙaho ran Jumma'a ta fita."

Kafin Jumma'ar sai Zahra'u ta haihu a Kalgo, inda take aure, Bawa ya tafi barka. Mota ta jijjiga shi, ya sauka yana riƙe da ƙugu. Maƙwabciyar Zahra'u wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Zuru, sunanta Dibora, mijinta Amos malamin sakandare. Ta shigo ganin jariri ta tarar da tsoho yana cije leɓe. Ta sa shi ya kwanta a tabarma, ta ɗora yatsun hannu biyu, ɗaya a wannan gefen abin, ɗaya a wancan. Zahra'u ta ce da idonta ta ga abin yana ture yatsun yana raba su. Dibora ta janye hannu a hankali kamar wadda ta taɓa ƙwai.

"Baba, wa ya taɓa danna wurin nan?"

"Ba kowa, ɗiyata. Wanzami dai muke jira."

"To wanzami ya ci gaba da aski. Kada a danna, kada a tsaga, kada a gasa. Gobe za mu Birnin Kebbi a yi hoto."

Daga Birnin Kebbi aka tura mu wani babban asibiti a Sakkwato, ni na raka shi. Likitan saurayi ne, ya jawo takarda ya yi mana zane. Ya ce akwai babbar jijiyar jini da ta fito daga zuciya, ta bi jikin ƙashin baya ta gangaro ciki, daga ita duk sauran ke sha. Ta Bawa bangonta ya saki a wuri guda, saboda shekaru da taba da hawan jinin da bai san yana da shi ba, sai wurin ya kumbura.

Bawa ya dubi zanen ya ce, "Kamar tiyon ban-ruwa in ya tsufa, ya yi ƙululu."

"Haka ne, Baba. Ta mai lafiya kaurinta bai fi babban yatsa ba. Taka ta wuce santimita shida, ta kai goruba. Kuma ba ta komawa, gaba take yi."

"In ta fashe fa?"

Likitan bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "In ta fashe kana Kambaza, ba za ka kai bakin kwalta ba."

Maganin aiki ne. Za a buɗe ciki, a matse jijiyar sama da ƙasa, a tsaga wurin da ya lalace, a ɗinka wani bututu na yadi na musamman a madadinsa. Ba kullum ake irin aikin a nan ba. Akwai ƙwararrun likitoci da ke zuwa sau biyu a shekara, su yi kwana uku suna yi kyauta, su koma. Za su zo ƙarshen watan Mayu, kuma an sa sunan Bawa ran Laraba, ranar ƙarshe. Sharaɗi ɗaya ne: aikin yana shan jini, dole dangi su kawo mutum takwas su ba da leda takwas kafin yammacin Talata. Ba sai irin jininsa ba. A zuba takwas a ma'ajiya, su kuma su fitar masa da irin nasa.

A nan ne Bawa ya yi dariya, karon farko tun da muka baro gida.

"Takwas? Likita, ni da ke fitar da mutum arba'in gona da ƙwaryar goro guda? Ka dai tanadi wurin zuba shi."

Jumma'ar ƙarshe kafin a kwantar da shi, ya tsaya a ƙofar masallacin Kambaza da ƙwaryarsa kamar yadda ya saba. Shekara talatin bai taɓa kiran gayya don kansa ba sai ran nan. Ya faɗi abin da ke cikinsa, ya faɗi rana: Litinin da sassafe mota za ta tsaya bakin hanya, ɗan kawuna ne zai kai ku. An ɗan yi gunaguni. Wani ya tambaya ko gaskiya ne in an ɗebi jinin namiji ƙarfinsa na raguwa a gida. Na ce masa shi kam ya kwantar da hankali, abin da babu shi ba ya raguwa. Aka yi dariya, Arzika ya fara sa hannu a ƙwarya.

Ya ce, "Bawa, ko duka na jikina suka ce, su tatse."

Na ƙirga da idona, mutum ashirin da shida suka ɗauki goro.

Asabar aka kwantar da Bawa a Sakkwato, Delu na jinya. Lahadi da la'asar hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya sako ruwa kamar da bakin ƙwarya har magariba. Ruwan farko ne na kirki a shekarar, irin wanda in ka tona ƙasa kamu guda danshi za ka tarar. Ina Gwandu ina jin ƙamshin ƙasa, har ina cewa Bawa ya tafi da ƙafar dama. Kaina bai kawo mini komai ba. Alli ya cinye mini basirar manomi.

Litinin gari na wayewa muna bakin hanyar Kambaza, ni da Muzzammil direba da bas ɗinsa mai cin mutum goma sha takwas. Muka jira. Rana ta fito. Akuya ta zo ta leƙa motar ta wuce, ita kaɗai ce ta nuna sha'awar tafiya. Can sai iska ta kawo mana sautin ganga daga arewacin gari. Muzzammil ya dube ni ya ce, "Malam, wanga kiɗan noma ne."

Na bi sautin da ƙafa. Ban yi nisa ba na gane inda za ni, don na san tsamiyar da ke kan iyaka. Gonar Bawa ce. Ga su nan su ashirin da shida, har da ƙari, sun yi layi da sungumi suna saran rami, mata na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Arzika na gaba, a wurin da Bawa ke tsayawa, ya ɗaure ƙugu da rawani. Ban taɓa ganin gayya mai kyau irin ta ran nan ba, kuma ban taɓa ganin abin da ya tayar mini da hankali kamarta ba.

Na ce, "Arzika, sannunku da isowa Sakkwato. Ina likitan yake, bayan tsamiya?"

Ya dogara sungumi yana haki, fuskarsa fal murna. "Malam, ka gani? Ko gida guda ba a bari ba. Ba wanda ya taɓa gonarshi, nan munka fara."

"Mota na bakin hanya tun asuba."

"Mun gan ta. To dokar wa ce wagga? Mai ciwo na kwance, ruwa ya sauka, mi anka ce a yi?"

"An ce ku ba da jini yau."

"Jini na jikinmu, Malam, ba inda za shi. Danshi wanga kuwa jibi babu shi."

Na ce mutum takwas kawai nake so, sauran su ci gaba. Ya ce in an cire takwas layi ya karye, amma in yi haƙuri, kafin azahar sun gama, sai a tafi. Na zauna gindin tsamiya ina kallon agogo kamar mai gadin jarrabawa. Azahar ta yi, suka gama, aka kawo fura. Sai magana ta sake. Wani ya ce mutumin da ya yi zufa tun safe in aka ɗebi jininsa faɗuwa zai yi. Wani ya ce in ya je yau, gobe da wane ƙarfi zai shuka tasa, ga yara goma a gida. Suka haɗa kai suka yanke: Talata da Laraba kowa ya shuke gonarsa, Alhamis a cika mota biyu.

Na ce, "Laraba likitocin za su tafi. Sai bayan wata shida."

Arzika ya ce, "Haba Malam. Likita ba ya jiran kwana guda? Ai shi ba ruwan sama ba ne."

Na rantse, na maimaita, na ce mutumin nan ransa ne a hannunku. Wani dattijo ya dafa ni yana murmushi ya ce, "Mun san ka da ƙarin gishiri, ɗan kawun Bawa. Ka gaishe shi, ka ce mishi gona ta shuku." Ran nan na yi da-na-sanin duk wata dariya da na taɓa ba mutanen garin.

Haka muka kama hanya da bas wayam, ni da direba. A asibiti muka tarar da Abdulrasheed mijin Zahra'u, da Amos mijin Dibora, sun taho daga Kalgo sun riga sun bayar. Muzzammil, wanda tuƙi kawai ya kawo shi, ya naɗe hannun riga ya ba da tasa. Ni kuwa da aka ɗaura mini abin awo a dantse, ma'aikaciyar ta dube ni ta ce jinina ya hau sosai, in ba a yi hankali ba gado za a ba ni kusa da ɗan'uwana. Delu an ce nata bai isa ba. Leda uku ke nan.

Na shiga ɗakin da yake kwance. Bai dube ni ba, bayana yake kallo, wajen ƙofa.

"Suna alwala ne?"

Na gaya masa. Ban yi ado ba, ban rage ba.

"Gonata?"

"Gonarka."

"Dukkansu?"

"Har da waɗanda ba su ɗauki goro ba."

Delu ta miƙo masa waya ta ce ya kira Arzika da bakinsa, muryarsa za su ji. Ya ture hannunta. Ya ce, "Wanda ya ci goro ba a kiran shi sau biyu." Ya juya ya fuskanci bango. Ni na kira a ɓoye, har sau biyar ran Talata. Wayar Arzika na gida, shi yana gona.

Likitan ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya duba ma'ajiya, irin jinin Bawa bai taka kara ya karya ba, hatsarin mota ya kwashe shi a makon, ga shi ba a kawo masu bayarwar da za a samu irin nasa a cikinsu ba. Ya ce ba zai buɗe wannan jijiya da abin da ke hannu ba, yin hakan yanka ne ba aiki ba. Laraba da safe aka gungura wani mutumin Argungu a gadon da aka shirya wa Bawa. 'Yan'uwansa sun cika baranda, kowa da auduga manne a hannu. Bawa na kallon su ta taga.

Da aka sallame shi bai koma Kambaza ba. Ya ce a kai shi Kalgo gidan Zahra'u, kusa da Dibora da abin awonta. Kwana biyu da saukarsa sai ga Arzika da dattawa huɗu, da kaji biyu da ƙullin fura. Ina nan. Suka zauna a tabarma aka gaisa, gaisuwar da ba ta da gishiri. Arzika ya gyara murya ya fara ba da rahoto: an shuke gonar tudu, an shuke ta bayan gari, har ya fara tsirowa, layi kamar an ja da zare.

Bawa ya ce, "Madalla. Geron na sadakar uku ne, ko na arba'in?"

"Subhanallahi. Wace irin magana ce wagga, Bawa?"

"Tambaya na yi. Jini na roƙa, kunka ba ni gero. Ina son in san wa zai ci."

Arzika ya ajiye hularsa a gwiwa. "Da mun bar gonarka fayau mun shiga mota, wallahi da kai za ka fara cewa mun watsar da abin da ka koya muna. Taka munka fara kafin tamu. Ni tawa sai da danshi ya kusa ƙarewa na shuka ta."

"Na koya muku don mai ciwo ya tashi ya iske abinci. Ban koya muku don ya mutu da rumbu cike ba."

"Ai ga ka da rai."

Bawa ya ɗage riga. Abin na nan yana harbawa a gaban kowa, dattawan suka sunkuyar da kai. Ya ce, "Ga shi nan, Arzika. Ka yi mishi magana, ka ce ya jira Alhamis."

Baƙin suka miƙe. Da za su tafi ya ce su ɗauki kajinsu. Suka bar su, shi kuma ya hana a yanka. Kajin nan sun yi wata shida suna yawo a gidan Zahra'u, su kaɗai suka ci ribar zuwan.

Wata shidan nan ban so wa maƙiyina irin su. Mutumin da ke ɗaukar damin gero shi kaɗai, an hana shi ɗaga buta cike. Jikansa na miƙo hannu, sai dai ya kama masa yatsa. In atishawa ta taso masa sai ka ga ya dafe ciki da hannu biyu yana salati. Taba ya bar ta rana ɗaya, amma hannunsa bai daina zuwa bayan kunne ba. Kullum da safe Dibora za ta shigo ta auna shi, ta tsaya sai ya haɗiye ƙwayoyinsa a gabanta, don ta ce ba ta yarda da tsofaffin Gwandu ba. A watan Satumba aka sake hoto, abin ya doshi santimita bakwai. Muna dawowa a mota na rasa abin tsokana, shi ya ce, "Ɗan kawu, yau bakin naka aka yi wa aiki?"

Daga Kambaza saƙo bai yanke ba. An yi noman farko, an yi maimai, gero ya yi kai, an girbe, an ɗaure, an zuba a rumbu. Duk Arzika ne ke jan mutane. Delu kan je ta dawo ta ba shi labari, shi kuma ya ƙara muryar rediyo.

Amma mai kiran gayya ba ya iya zama haka nan. Ya samu benci a bakin tashar Kalgo, wajen mai shayi, yana zama da hantsi. Kafin wata biyu ya san mai faci, ya san masu lodi, ya san wanda matarsa ta yi yaji, har ya sasanta biyu. Bai roƙi kowa ba. Sai dai duk wanda ya tambaye shi me ya zaunar da shi a garin da ba nasa ba, ya ba shi labari tiryan-tiryan. Ran da aka aiko cewa likitocin za su dawo farkon Disamba, mai faci ne ya fara cewa a rubuta shi. Amos ya kawo malamai huɗu daga makarantarsu. Na ce in sayo goro? Bawa ya ce, "Kada ka soma. Rubuta suna kawai, da lambar waya." Mutum goma sha ɗaya na rubuta, goma sha ɗaya suka shiga mota, mako guda kafin ranar.

Ana gobe aiki, da hantsi, sai ga babbar mota ta tsaya ƙofar asibiti. Mutanen Kambaza ne, ba wanda ya kira su, sun gama kaka hannunsu ya huta. Sun sha manyan riguna kamar masu zuwa ɗaurin aure, Arzika na gaba. Na shiga na gaya wa Bawa.

Ya ce, "Nawa ya cika. Ka gaya wa masu ɗiba kada a rubuta sunana kan nasu."

"Ba za ka bari su shigo su gan ka ba?"

"Sun gan ni a Kalgo."

Na fita na faɗa wa Arzika, na ɗan sassauta kalmomin. Bai bar ni na gama ba. Ya ce, "Na san abin da ya ce, Malam, tare munka tashi. A rubuta sunan duk wanda anka ga dama." Suka yi layi. Leda goma sha tara aka samu a jikinsu. Mai tsoron ƙarfinsa ya ragu a gida shi ya fara sumewa, tun kafin allura ta taɓa shi.

An shiga da Bawa ƙarfe takwas na safe, ba a fito da shi ba sai bayan biyu. Sauran mutanen garin sun koma tun jiya, Arzika kaɗai ya rage, yana gindin dogon yaro da carbi, bai matso kusa da mu ba. Da likitan ya fito ya ce mana an gama lafiya. An matse jijiyar, an tsaga, an ɗinka bututun, an naɗe tsohon bangon a kansa kamar riga. Ya ce ta baya bangon ya yi sirantaka kamar ɓawon albasa, bai san me ya riƙe shi wata shida ba. Jini kuwa leda bakwai aka ƙara masa. Na je na gaya wa Arzika. Ya shafa fuska, ya sa takalmi, ya nufi tasha.

Bawa na nan da ransa, shekara biyu ke nan, da tabo tun daga ƙirji har ƙasan cibiya. Yana Kalgo, shi ke sasanta rigimar masu lodi a tasha. Bai sake taka Kambaza ba. Gonarsa Binta da mijinta ke nomawa, Arzika kuma ya aiko sau uku, amsa ɗaya yake samu: ana gaishe shi.

Abin da ya tsaya masa a rai tun yana gadon asibiti ya fara. Kwana uku da aiki, da aka cire masa robar hanci ya samu bakin magana, ma'aikaciyar jinya ta zo canza masa ruwa. Ya kama gefen rigarta.

"Ɗiyata, jinin da anka sa mini, na su wa ne?"

"Irin naka ne, Baba."

"Na mutanen Kalgo, ko na waɗancan?"

Ta ce ita ba ta san wasu waɗancan ba. Leda lamba ce a jikinta da nau'in jini, duk firji ɗaya ake zuba su, wanda ya dace shi ake ɗaukowa. Ya sa ni na tafi har ɗakin gwaji in bincika. Mutumin wurin ya ce ko ya sani ba a faɗa, kuma in daina tsaya masa a ƙofa. Na dawo na gaya masa.

Na ce, "Ɗan gwaggo, sha tara nasu, sha ɗaya na Kalgo. Ni malamin lissafi ne, in kana so in yi maka."

"Ban so."

Ya daɗe yana kallon bayan hannunsa, inda allurar take manne. Sannan ya ce, "Ka ce su rubuta a takardata ban yarda ba."

"An riga an sa, yana ta zagaya ka kwana uku ke nan."

"Na sani," in ji shi. "A rubuta dai."